Babu Kaza A Aljihuna, Yallaɓai: Martani Kan Kyamarorin Titi

Raddin da ka yi wa maƙalata ya iso gare ni. Na karanta shi da zafin rai, na ajiye shi ya kwana, washegari na sake ɗauka da biro a hannu. Kai babba ne, ka yi shekaru kana aikin ɗamara kafin ka ajiye, ka ga abin da ban gani ba. Da gyara kawai ka yi mini, da na ce na gode na ja bakina. Amma ka haɗa gyaran da zargi, wasu zarge-zargen kuma irin waɗanda in mutum ya yi shiru a kansu ne sai a ɗauka ya amsa laifi. Shi ya sa zan bi su ɗaya bayan ɗaya, ina neman afuwa tun yanzu in harshe ya yi kaifi a wani wuri.

Ga wanda bai ga maƙalar farko ba, abin da na faɗa bai wuce wannan ba: kafin wata gwamnati, ta tarayya ko ta jiha, ta cika titunanmu da kasuwanninmu da kyamarori, musamman masu haɗe da manhajar gane fuska, a fara yin doka da za ta fayyace wa ke kallo, me yake ajiyewa, zuwa yaushe, kuma wa zai hukunta shi in ya ci amana. Ban ce a tumɓuke kyamara ko ɗaya ba.

Ka fara da cewa ban san zafin rashin tsaro ba, wai ina zaune a birni ina rubutu a ƙarƙashin fanka alhali ana kashe mutane a ƙauye. Wannan ne ya fi yi mini ciwo.

An taɓa ɗauke ɗan yayata a hanya, yana dawowa daga cin kasuwa. Makonni muka yi muna kwana a tsakar gida, mun kewaye waya guda a kan tabarma, an jona ta da caji dare da rana kada ta mutu. In ta yi ƙara, uwarsa ta cusa gefen mayafi a baki don kada su ji kukanta su ƙara kuɗi. Da lamba ɗaya suke kiranmu, ba su ɓoye ta ba, ba su sauya ta ba. Na rubuta lambar a takarda da hannuna, na kai ta inda ya kamata a kai, aka karɓa, aka ce mu dage da addu'a. Daga ƙarshe gona muka sayar. Yaron ya dawo ƙafafunsa a kumbure, har yau in babur ya tsaya a ƙofar gida da dare sai ya zabura.

Wannan ya faru ne bayan an haɗa layukan waya da lambar ɗan ƙasa. Tun watan Disambar 2020 aka ba da umarnin, muka sha rana a layi tsofaffi da yara, aka ɗauki hotunanmu da zanen yatsunmu, a watan Afrilun 2022 kuma aka toshe kiran miliyoyin layukan da ba a haɗa ba. Alƙawarin da aka yi mana shi ne mai garkuwa da mutane ba zai ƙara samun waya ya yi ciniki da ran ɗan Adam ba. Mun ba da duk abin da aka nema. A ranar da muka buƙaci amfaninsa, ba bayanai aka rasa ba, Yallaɓai, wanda zai tashi ya bi sawu aka rasa. Don haka in na tambaya me za a yi da sabbin bayanan da ake son tarawa a kanmu, ba daga ƙarƙashin fanka tambayar ta fito ba, daga kan tabarmar nan ta fito.

Kyamarorin su kansu ba yau muka fara jin labarinsu ba. A shekarar 2010 gwamnatin tarayya ta ba kamfanin ZTE na ƙasar Sin kwangilar dala miliyan 470 don kafa tsarin sadarwar tsaro, ciki har da kyamarori kusan 2,000 a Abuja da Legas. Dala miliyan 399.5 daga cikin kuɗin bashi ne daga bankin Exim na Sin. Duk wanda ya san Abuja a shekarun nan ya ga turakun a bakin titi, kowanne da farantin sola a ka. Bam ya tashi a tashar Nyanya a watan Afrilun 2014, ya sake tashi a Wuse a watan Yuni, jama'a suka tambaya ina kyamarorin, aka tarar yawancinsu ba sa aiki, wasu ma an kwashe baturansu. Majalisar wakilai ta yi bincike fiye da sau ɗaya. A 2019 ministar kuɗi ta lokacin ta shaida wa 'yan majalisa cewa ana nan ana biyan bashin. Sai da ƙungiyar SERAP ta je kotu, a 2023 babbar kotun tarayya da ke Abuja ta umarci gwamnati ta yi bayanin yadda aka kashe kuɗin. Shekara goma sha uku kafin a ce ma a yi bayani. Abin da ya ba wannan ɓarna damar faruwa shi ne kalmar nan da ake rufe bakin kowa da ita, wato sha'anin tsaro ne, ba a tambaya. Wanda ya tambaya ba maƙiyin tsaro ba ne. Da an samu masu tambaya tun 2010, wataƙila da kyamarorin Nyanya suna da ido a ranar da aka neme su.

Ban ce kyamara ba ta da amfani ba. Wasu masana huɗu, cikinsu har da Brandon Welsh da David Farrington, sun tattara binciken shekara arba'in suka fitar da sakamako a 2019: inda aka sa kyamara laifi ya ragu da kusan kashi 13 cikin ɗari, a wuraren ajiye motoci kuma da kashi 37. Amma a laifukan zubar da jini ba su ga wani bambanci na a zo a gani ba, kuma amfanin ya fi bayyana inda akwai mutum zaune yana kallo, da jami'an da za su ruga in an kira su. Kyamarorin Landan sun taimaka wajen gano waɗanda suka tayar da bama-bamai a watan Yulin 2005, bayan sun riga sun tayar. Kyamara tana korar ɓarawon batir, tana taimaka wa mai bincike. Ba ta tsayar da mahara a kan babura hamsin a dajin da ko sabis ɗin waya babu.

Zarginka na biyu karin magana ka jefe ni da shi: mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Wato wanda ba shi da abin ɓoyewa ba ya tsoron a kalle shi.

Yallaɓai, ina da abin ɓoyewa, kai ma kana da shi, kuma ba kaza ba ce. Wace addu'a Bahaushe ya fi yi wa wanda yake ƙauna? Allah ya rufa asiri. Ita ake yi wa amarya, ita uwa ke yi wa ɗanta, ita kake yi wa wanda ya taimake ka. In aka ce wane yana da rufin asiri, ba ana nufin ya iya ɓoye laifi ba ne, ana nufin babu wanda ya san ranar da tukunyarsa ba ta hau wuta ba. Magidancin da ya fita da sassafe da 'yan kunnen matarsa a aljihu zai kai wa masu sayen gwal don ya biya kuɗin makaranta, wane laifi ya yi? Matar da ke hawa adaidaita ta tsallake asibitin unguwarsu ta tafi wani can nesa karɓar maganin wata-wata, don kada a gan ta a yi ta da ita, wa ta cuta? Wadda ta lallaɓa kotu kai ƙarar miji kafin danginsa su sani fa? Ko ma'aikacin da ya je gidan ɗan adawa yin ta'aziyya, alhali maigidansa a ofis ɗan jam'iyya mai mulki ne? Duk waɗannan hannunsu wanke yake, kuma duk za a iya rusa su da hoto guda in ya faɗa hannun da bai kamata ba.

Na ga yadda abin yake a ƙaramin mataki. Wani mai shago a unguwarmu ya sa kyamara, kaya suka ɓace masa, ya duba hoton ya ga wata mata ta saka wani abu a cikin hijabinta. Kafin la'asar bidiyon ya zaga wayoyin unguwa ta WhatsApp, da ja an zagaye fuskarta. Daga baya aka gane jakar kuɗinta ce ta mayar, ɓarawon kuma yaron shagon ne. Mai shagon ya je ya ba da haƙuri a zaure, mutum uku suka ji. Bidiyon kuwa yana nan a wayoyin da babu wanda ya san adadinsu, kuma ita ta daina zuwa Islamiyya. Kyamara ɗaya ke nan, a hannun mutum ɗaya wanda ba mugu ba ne.

Na uku ka ce titi ba ɗaki ba ne, wanda ya fito waje ya yarda a gan shi. A nan ka fi ƙarfi, kuma na yarda da rabin maganar. In na bi ta Kantin Kwari, mai shayi ya gan ni, ɗan dako ya gan ni, mai gadi ya gan ni, ban isa in ce su rufe ido ba. Amma wannan gani yana da iyaka guda uku da muka saba da su har muka daina lura. Mai shayi yana mantawa. Abin da ya gani a Kwari bai haɗu da abin da wani ya gani a Sabon Gari ba. Kuma ina ganinsa yana ganina, in ya ƙura mini ido zan iya cewa Malam lafiya? Kyamarar da aka haɗa da manhajar gane fuska da mai karanta lambar mota ta rushe ukun duka. Ba ta mantawa, tana ɗinke ganin nan da na can, kuma ban san wanda ke bayanta ba. Mutum ɗaya a ɗaki mai sanyi zai iya danna fuskata ya ga masallacin da na yi Juma'a na wata shida, na Izala ne ko na ɗariƙa, wa'azin wa nake zuwa, gidan wa na shiga da dare, ƙarfe nawa nake kai yara makaranta, ta wace hanya nake kai ciniki banki. Da can in ana son sanin wannan a kan mutum guda, sai an ware jami'ai sun yi ta binsa, tsadar aikin kanta ita ke hana a yi wa kowa. Yanzu za a iya yi wa gari guda ba tare da kowa ya yi gumi ba.

Kai da ka yi aikin tsaro ka fi ni sanin cewa babbar masifar da ke ciyar da 'yan bindiga ita ce infoma. Shi ke faɗin wa ya sayar da shanu, wa ɗansa ya aiko da kuɗi, wa zai bi hanya gobe. To ka yi tunanin ɗakin da aka tara zirga-zirgar kowane ɗan kasuwa a cikinsa, aka zaunar da ƙaramin ma'aikaci wanda albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata. Kada ka ce ba zai yiwu ba. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa wasu shafukan intanet suna sayar da bayanan lambar ɗan ƙasa a kan naira 100, har ta sayi takardar ministan sadarwa da kansa don ta nuna da gaske ne. In bayanan minista sun koma naira 100, nawa za a sayar da hanyar da Alhaji mai sayar da hatsi ke bi ranar kasuwar Dawanau?

Na huɗu ka ce wannan magana ta sirri ra'ayin Turawa ce, kuma wataƙila wata ƙungiyar waje ce ke biyana. Batun biya gajeriyar amsa gare shi: babu wanda ya ba ni ko kwabo, kuma zato irin wannan bai dace da girmanka ba.

Batun Turawa kuwa, ka fita ka dubi gidan da aka haife ka. Don me aka yi zaure, aka karkata ƙofarsa ta ciki yadda wanda ke tsaye a waje ba zai hango tsakar gida ba? Wa ya koya wa kakanninmu ɗaga katanga, da rataya asabari, da rubuta ba a shiga a bakin ƙofa? Sallamar da ake yi sau uku, in ba a amsa ba mutum ya juya, daga Ingila aka kawo ta? Aya ta 12 a Suratul Hujurati ta hana binciken asirin mutane, kuma ta ambace shi ne tsakanin mugun zato da gulma, domin tafiyarsu ɗaya: zato ya haifi bincike, bincike ya haifi yaɗawa. Malamai suna kawo labarin Sayyidina Umar da ya haura katangar wani gida ya tarar da mai gidan cikin saɓo, mutumin ya tuna masa cewa shi ma ya keta umarni, ya yi leƙen asiri, ya shiga ba ta ƙofa ba, kuma bai yi sallama ba, sai Halifa ya ƙyale shi. Imam Mawardi, da yake bayanin aikin hisba, ya hana mai hisba tono abin da ke ɓoye, sai in akwai shaida mai ƙarfi cewa za a yi ɓarnar da ba ta gyaruwa, kamar kisan kai. Wannan ita ce ƙa'idar da nake nema ba ƙari: a fara samun dalili, sannan a yi bincike, ba a binciki kowa don a nemo dalili ba. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ma ya tabbatar wa ɗan ƙasa sirrin kansa da gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya.

In ma za a yi maganar abin da aka shigo da shi daga waje, kyamarar ce baƙuwa, da bashin da aka sayo ta da shi. Kuma ya kamata Musulmi ya fi kowa taka tsantsan. A birnin New York, kamfanin dillancin labarai na AP ya tona a 2011 cewa 'yan sanda sun kafa sashe na musamman yana bin masallatai da gidajen abinci da ƙungiyoyin ɗaliban Musulmi. A 2012 wani babban jami'insu ya amsa a ƙarƙashin rantsuwa cewa sashen bai taɓa samar da bayanin da ya kai ga buɗe binciken ta'addanci ko guda ba, a 2014 aka rushe shi. A yankin Shinjan na ƙasar Sin, kyamara da manhajar gane fuska suna cikin manyan kayan da aka yi amfani da su a kan Musulmin Uigur, kuma ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a rahotonsa na Agustan 2022 abin da aka yi musu zai iya kaiwa laifin cin zarafin bil'adama. A wuraren nan biyu da sunan tsaro aka fara.

Na biyar ka ce na'ura ba ta ƙarya, ba ta karɓar na goro, ba ta san ɗan wane ba. Ba ta ƙarya, amma tana kuskure, kuma kuskurenta ya fi yawa a kan fuska irin tawa da taka. A 2018 Joy Buolamwini, 'yar asalin Ghana, da Timnit Gebru, haifaffiyar Habasha, sun gwada manhajojin wasu manyan kamfanoni wajen tantance mace ce ko namiji. A kan fararen maza kuskuren bai kai kashi 1 cikin ɗari ba, a kan baƙaƙen mata ya kai kashi 34.7. A Disambar 2019 hukumar gwaje-gwaje ta gwamnatin Amurka, NIST, ta auna manhajoji 189, ta gano cewa da yawansu sun fi ɗaukar wani a matsayin wani sau 10 zuwa 100 in fuskar ta mutanen Afirka ce ko gabashin Asiya, kuma 'yan Afirka ta Yamma suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. An samu ci gaba tun daga lokacin, ban musa ba. Amma ka ƙara da hazon hunturu, da ƙurar da ke kwanciya a gilashin kyamara, da titin da babu fitila, da hula da rawani da takunkumi.

A watan Janairun 2020 'yan sandan Detroit suka kama wani baƙar fata mai suna Robert Williams a ƙofar gidansa, a gaban matarsa da 'ya'yansa mata biyu, bisa zargin satar agoguna a wani kanti. Manhaja ce ta ce shi ne, alhali ba shi ba ne. Ya yi kusan awa 30 a tsare, ya samu lauyoyi, daga baya birnin ya biya shi diyya ya kuma sauya ƙa'idojin aikinsa. Awa 30 a can. A nan kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarinmu jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. In kwamfuta ta nuna Bafulatanin da ya shigo gari sayar da sa ta ce shi ne ɗan bindigar da ake nema, wa zai tsaya masa? Jami'in da ya kama shi zai ce ba ni na faɗa ba, na'ura ce. Kuma maganar ba ta san ɗan wane ba, gaskiya ce, sai dai wanda ke zaɓar unguwar da za a kafa ta da sunayen da za a zuba mata ya sani.

Na shida ka ce ai akwai doka, kuma shugabanninmu ba azzalumai ba ne. An sa hannu a dokar kare bayanan jama'a a watan Yunin 2023, aka kafa mata hukuma, kuma na yaba da hakan a maƙalar farko, wataƙila wurin ya wuce ka. Amma sashe na 3 na dokar ya sauke wa hukumomin tsaro da yawa daga cikin nauye-nauyen da dokar ta ɗora wa sauran jama'a, muddin sun ce binciken laifi ko tsaron ƙasa suke yi. Wato dokar ta fi kama banki da mai kanti fiye da wanda ke da ikon kama mutum. Ka nuna mini sashen da ya ce kwana nawa za a ajiye hoton mai wucewa kafin a goge, ko wanda ya ce sai da izinin alƙali za a binciki fuskar mutum a rumbun hotuna. In ka nuna mini, zan janye maganata a rubuce.

Game da halin shugabanni, ban kira kowa azzalumi ba. Sai dai turken kyamara ya fi wa'adin gwamna tsawon rai. Wanda ya kafa shi zai sauka, wanda bai yi tsammani ba ya hau, ya gaji makullin ɗakin da duk abin da ke ciki, har da hotunan magoya bayan wanda ya sauka. Mun kuma riga mun ga alamu. Kwamitin kare 'yan jarida na duniya, CPJ, ya bayyana a 2020 yadda 'yan sandan Najeriya suka yi amfani da bayanan kiran waya wajen farautar 'yan jarida ta hanyar abokansu. Cibiyar Citizen Lab ta jami'ar Toronto ta sa Najeriya cikin jerin ƙasashen da ta gano kayan leƙen waya na kamfanin Circles a cikinsu, bayan jaridar Premium Times ta riga ta ruwaito cewa wasu gwamnoni sun sayi irinsu don bibiyar abokan hamayya. A Yuganda, gwamnati ta kashe dala miliyan 126 a kan kyamarorin Huawei da sunan yaƙi da kashe-kashe. Da aka kama ɗan adawa Bobi Wine a watan Nuwambar 2020, zanga-zanga ta ɓarke, aka kashe mutum fiye da 50, kyamarorin nan kuma aka yi amfani da su wajen zaƙulo ɗaruruwan waɗanda ake zargi da shiga zanga-zangar.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Lekki. Daren 20 ga Oktobar 2020 akwai kyamara a ƙofar karɓar harajin hanya ta Lekki da ke Legas, a daidai wurin da sojoji suka tarar da masu zanga-zanga. Wannan shi ne daren da ƙasa gaba ɗaya ta fi buƙatar shaidar da ba ta ƙarya. Kamfanin da ke kula da wurin ya shaida wa kwamitin bincike cewa kyamarar ta daina ɗauka da misalin ƙarfe 8 na dare. Har yau ana jayayya kan abin da ya faru da adadin waɗanda suka mutu. Idon da ke buɗe kullum a kan talaka, ya kuma rufe a daren da ake tuhumar hukuma, shi nake tsoro. A tarbiyyar da muka taso a cikinta, talaka shi ake rufa wa asiri, mai riƙe da amanar jama'a kuma shi ake cewa ya fito fili ya yi bayani. Yanzu ana so a juya abin: tafiyata da taka a bayyane, kwangila da ɗakin kallo a rufe.

Na ƙarshe ka ce na iya suka amma ban kawo mafita ba. Na kawo, ga ta kuma a sake. Majalisa ta yi doka a bainar jama'a kafin a sayi komai, a buga kwangilar kowa ya gani. A sa allo a inda kyamara take. Hoton da ba a buƙata a wata shari'a a goge shi bayan 'yan makonni. Duk wanda ya buɗe rumbun, kwamfuta ta rubuta sunansa da lokaci da dalili, wata hukuma da ba ta ƙarƙashin gwamna ko kwamishinan 'yan sanda ta riƙa dubawa, wanda ya fitar da hoto kuma ya tafi gidan yari, ba sauyin wurin aiki ba. Binciken fuska sai da izinin alƙali, a kan babban laifi, kuma kada a kama kowa da shaidar manhaja ita kaɗai. A nisantar da ita daga ƙofar masallaci da coci da asibiti da taron lumana. Ba abu ne da ba a taɓa yi ba: kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta yanke a 2020 cewa yadda 'yan sandan kudancin Wales ke amfani da manhajar ya saɓa doka saboda an bar wa jami'i zaɓin wanda za a nema da inda za a nema, Tarayyar Turai kuma a dokarta ta 2024 ta hana binciken fuska kai tsaye a wuraren jama'a sai a 'yan yanayi ƙalilan da aka lissafa.

Akwai guda ɗaya da nake roƙon ka goya mini baya a kanta, domin muryarka za ta fi tawa nisa a cikin tsofaffin abokan aikinka. Kyamarorin farko da za a saya, a kafa su a shingayen kan hanya, da kantar caji ofis, da ɗakunan da ake yi wa waɗanda ake zargi tambayoyi, kuma duk wanda ya kai ƙarar jami'i ya zama yana da haƙƙin kotu ta nemo masa hoton. Jami'i nagari, irin waɗanda ka ce ka horar, zai samu shaidar da za ta wanke shi in an yi masa ƙage. Na rubuta waɗannan sharuɗɗa a shafi biyu, zan aiko maka da su ta hannun wanda ya kawo mini raddinka. Ka ja layi a ƙarƙashin duk wanda kake ganin zai hana a kama ɓarawo ko mai garkuwa da mutane, ka rubuta mini dalili a gefe, ni kuma zan zo har zaurenka mu zauna a kai.